Hatimin Koci Kurahashi

Melbourne, 6 Afrilu, 1987

Zuwa ga Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Masaharu, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Ni ƙalau nake, har na ƙara kilo biyu, don mutanen nan nama suke ci kamar gobe za a hana yanka. Sanyi ya fara shigo mana a daidai lokacin da ku kuke tuɓe rigunan sanyi.

Bayan haka, Yaya, na ci gwaji. Kulob ɗin na Girkawa ne mazauna nan. Kocinsu Manolis, wani mai tumbi da ba ya magana sai da ihu, ya kalle ni minti ashirin kacal ya ce a kawo takarda in sa hannu. Kin ji? Minti ashirin! Ni da na shekara takwas a ƙungiyar kamfani, uku daga ciki ina ɗumama benci, wai ina riƙe ƙwallo da yawa. Nan kuwa in na yanke mutum biyu a atisaye, tsofaffin da ke zuwa kallo sai su miƙe suna buga sanduna a ƙasa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Ba za a yi min rajista ba sai hukumar ƙwallo ta gida ta aiko cewa tsohuwar ƙungiyata ta sallame ni, ita kuma hukuma ba ta motsi sai ta ga takardar sallama da hatimin Koci Kurahashi a jiki. Na rubuta masa sau biyu, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ranar talatin ga Yuni ake rufe rajista. In ta wuce, kakar bana ta wuce ni, bizata ta ƙare, kuma shekarata ashirin da bakwai, ba mai jira na sai baɗi.

Ke da kike aiki a kamfanin, kullum kina ganinsa a taron safe na ma'aikata. Ki taimaka ki tare shi ki tambaya ina takardata. Hatimi ne fa kawai, ko daƙiƙa biyar ba zai ci masa ba.

Ki kunna wa marigayanmu Baba da Inna turare a madadina.

Ƙanenki,
Shigeya

Shimizu, 19 Afrilu

Shigeya,

Wasiƙarka ta zo ranar Talata. Muna lafiya, baya da sauƙi, furanni sun gama zuba, saura shara. Na ji ka ƙara ƙiba. Da ma hankali ka ƙara.

"Hatimi ne kawai." Kai Shige, yaushe ka zama baƙo? Mutumin da ya zo har gidanmu kana ɗan sakandare, ya zauna gaban Baba ya roƙa a ba shi kai, shi ka tsallake ka kai takardar barin aiki ofishin manaja. A bakin sakatariya ya ji ɗan wasansa zai tafi! Ba ka zaga ofisoshi ka yi sallama ba, ko kwalin alewa ɗaya ba ka ajiye wa kowa ba. Ka ninke rigar ƙungiya ka bar ta a kan benci ka sulale. Ni ce na ɗauki kwalaye na bi ofis-ofis ina ba da haƙuri, sai da wuyana ya ƙage.

Duk da haka na je wurinsa. Ya bar ni a tsaye har ya shanye shayinsa, sannan ya ce takardar tana cikin durowa, a rubuce, hatimi kawai take jira. Ga sharaɗinsa: ka dawo da ƙafarka, ka fito a taron safe gaban 'yan wasa da ma'aikata duka, a yi maka aski ƙwal-kwabo, ka durƙusa ka sa goshi a ƙasa ka nemi gafara. Ya ce in ka yi haka, kafin ka kakkaɓe gwiwa ya buga.

Na san yanzu jijiyar wuyanka ta tashi. Kwantar da ita. Gashi ne, tsirowa yake yi. Kana aji biyu ba a aske ku kaf ba da kuka sha kashi a wasan ƙarshe? Ka mutu? Durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka. Shekara takwas ka yi kana cin shinkafar kamfanin nan, Baba ya yi talatin, ni yau sha tara nake liƙa takarda a gwangwanin kifi, gidan da muke kwana ma nasu ne. Ka zo ka yi kwana uku ka koma, kowa ya huta.

Yayarka,
Fumie

Melbourne, 1 Mayu

Yaya,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau, sai idon sawu da ya ɗan kumbura, ya kuma saɓe. Na gode da wahalar kwalayen alewa, ban san kin yi ba, kuma raina bai so ba.

Amsata gajera ce: ba zan zo ba.

Kin ce na tsallake shi. Sau uku na je wurinsa, Yaya. Shekara biyu ina zuwa, hannuwa a gefe, kai a ƙasa, ina cewa, "Koci, a bar ni in gwada waje." Na farko ya ce baɗi. Na biyu ya ce wa zai ɗauke ni, ko tsaron ƙofa? Na uku bai ɗago daga jarida ba, washegari ya sa ni zaga fili sau arba'in, yara sababbin zuwa suna ƙirga min. To ta wace ƙofa kike so in bi? Tura ce ta kai bango.

Da laifi na yi, da na sayar da wasa ko na ɗaga wa wani hannu, na rantse da kabarin Baba da kaina zan riƙe askar. Amma me na yi? Na ce ina so in buga ƙwallo a inda za a bar ni in buga. Ba gafara yake so in nema ba. So yake yaran da ke bayana su ga kaina a ƙasa, don kada wani ya sake mafarkin jirgi. Ni ba zan zama abin tsorata yara ba.

Na gaya wa Manolis. Ya ce, "Aski? Shi kocin naku wanzami ne?" 'Yan ɗakin canja kaya suka yi ta dariya har da buga ƙafa. Ni ban yi ba, kunya ta hana ni. Ya ce zai riƙe min gurbi har ranar talatin, daga nan ba ruwansa.

Zan rubuta wa hukuma da kaina, zan rubuta wa manaja. In takardar ta zo, to. In ba ta zo ba, gara in wanke kwanuka a garin nan da gashina a kaina. Wanda ya saba da sunkuyo ya ɗauka haka ake tafiya, ni kuwa na ga mutane suna tafiya a miƙe.

Kada ki sake taka ofishinsa saboda ni.

Shigeya

Shimizu, 14 Mayu

Shigeya,

Muna lafiya. Sabon ganyen shayi ya fito, na sa maka ƙulli ɗaya a wani kwali daban.

Maganarka ta wanda ya saba da sunkuyo, na karanta ta sau uku. Na gode. Da sunkuyon nan aka saya maka takalmin ƙwallo na farko, in ka manta.

Wasiƙarka ta iso ofishin manaja, kowa ya ji labarinta. Hukuma kuma na ji ta amsa cewa ba ta shiga tsakanin ƙungiya da ɗanta.

An canja min wurin aiki, yanzu ina ɗakin ƙanƙara. Babu surutu a can.

Ka yi yadda ka ga dama. Kai ne mai kai, kai ne mai gashi.

Fumie

Melbourne, 25 Mayu

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da ban haƙuri. Shayi ya iso, na gode, ƙamshinsa kaɗai ya kai ni gida. Na ba matar da nake haya a gidanta, ta zuba masa madara da sukari cokali uku, na ce shi ke nan, an kashe shi.

Haba Yaya, wannan wasiƙa haka a bushe kamar busasshen kifi? Ba da ke nake ba. Da su nake, masu tsayawa a layi suna kallon ƙasa ana zagin iyayensu. Ke ai ko Baba yana shakkar bakinki.

Ɗakin ƙanƙara kuma! Kin huta da zafin bana, kin huta da gulmar matan layi. Ki ajiye min gefe in na zo hutu.

Ranar Lahadi an yi wasan sada zumunci, irin wanda ba a tambayar rajista. Na shiga bayan hutun rabin lokaci, ana cin mu ɗaya. Na karɓi ƙwallo a tsakiya, wani dogo ya zo da ƙafa biyu, na bar shi a zaune, na zura wa ɗan gaba ya farke. Saura minti huɗu na ci na biyu da hagu. Yaya, wani tsoho ya tsallako shingen waya ya sumbace ni a goshi, yana wari da tafarnuwa! Ba su iya sunana ba, "Shigi" suke kira na, amma duk filin da shi ake ihu. Shekara takwas ban ji haka ba. Ki ce in bar wannan in je in kwanta a kan siminti gaban Kurahashi?

Saura sati biyar. Ban karaya ba. Zai gaji, irinsu ba sa son a ce suna riƙe da takardar yaro.

Ki rubuto doguwa, ko da zagi ce.

Shige

Shimizu, 2 Yuni

Zuwa ga ƙanena Shigeya,

Ina maka fatan lafiya. Damina ta kusa, mu muna nan. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba, kuma yayarka ba ta san na rubuto ba.

Na ga wasiƙarka a kan tebur. Na ga ka ɗauki ɗakin ƙanƙara abin wasa, shi ya sa na ce bari in gaya maka. Kai a ofis aka ajiye ka saboda ƙwallo, ba ka taɓa shiga can ba. Nan ne ake jan daskararren kifi da ƙugiya zuwa bakin zarto, wani kifin ya fi ta nauyi. Aikin maza ne, ba a taɓa sa mace ba. Kwana biyu bayan wasiƙarka ta isa hannun manaja aka liƙa sunanta. Ba wanda ya ce saboda kai ne, ba kuma wanda bai sani ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Yatsunta sun tsattsage. Da safe sai na kama ta take miƙewa. Matan da suka shekara sha tara suna cin abincin rana tare da ita yanzu in ta zauna sai su tuna da wani aiki. Na ce ta je ta roƙa a mayar da ita, ta ce in kula da miyata.

Ni ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kada ka zo ba. Na dai ga bai kamata a ce ba ka sani ba.

Masaharu

Melbourne, 10 Yuni

Yaya,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, don na riga na ji, kuma ba daga bakinki ba. Kada ki yi wa Yaya Masaharu faɗa.

Tun shekaranjiya nake jin kamar in tsinke hannun da ya rubuta miki "kin huta da zafi". Kin gaya min a fili, ni sakarai na karanta ina dariya. Ina nan ina cika baki da gashina a kaina, ashe da bayanki ake biya.

Na yanki tikiti. Zan taso ranar Laraba ashirin da huɗu, in sauka Alhamis. Ki gaya wa Kurahashi Juma'a ashirin da shida, a taron safe, ya kawo askarsa. Zan durƙusa, zan sa goshi a ƙasa, zan faɗi duk abin da yake so a faɗa, da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji. Sharaɗina ɗaya, a mayar da ke kujerarki a ranar. Takardar kuwa ko ya buga ko ya dafa ya ci, don ko ya buga ban ga yadda za ta zaga ta Tokyo ta iso nan kafin Talata ba.

Na gaya wa Manolis. Ya jefar da hularsa ya ce, "Kai mahaukaci ne, in ka tafi ba za ka dawo ba, na san irin idon nan." Wataƙila gaskiyarsa ne.

Amma ki sani, ban yi nadama ba, ko ƙwayar shinkafa. Gwiwata ce za ta durƙusa, ita ma don ke. Ranar da zai ga tsakiyar kaina, kada ya ɗauka ya ci wasa.

Shigeya

Wayar tangaraho daga Shimizu, 19 Yuni

KADA KA TASO. MAYAR DA TIKITI. TAKARDA TA WUCE. WASIƘA NA TAFE. FUMIE.

Shimizu, 21 Yuni

Kai Shige,

Muna lafiya, ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, wanki ya ƙi bushewa. Ina fata wayata ta same ka, kuma ka ji magana sau ɗaya a rayuwarka.

Wasiƙarka ta zo ranar Laraba. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba. Wata biyu ina cewa ka zo ka durƙusa, ranar da ka ce za ka zo sai na ji kamar an watsa min ruwan wanke kifi. Wato in sha sanyin sati shida, yatsuna su fashe, sannan kuma Kurahashi ya samu goshinka a kan siminti? Ya ci nan ya ci can? Ina! Wa ya ce maka don ka zo nake jan ƙugiya? Na ja ne don kada ya ga na roƙa.

Ranar Alhamis da na tashi aiki na shiga shagon askin bakin tashar jiragen ruwa, wanda Baba yake zuwa. Na ce a kwashe duka. Tsohon ya ce, "'Yata, ko wani ya mutu?" Na ce ba wanda ya mutu tukuna. Ya ce shi hannunsa ba zai iya ba. Na karɓi injin na ja layi ɗaya tun daga goshi har ƙeya, na ce to gyara ko in fita haka. Ya gyara, yana ta tsaki. Na tattara gashin a farar takarda na ninke.

Ka san ba a liƙa takardar gwangwani shekara sha tara a banza. Na san Juma'a ta uku a watan Yuni manyan baƙi suke zuwa daga shagunan Tokyo su duba kwalayen kyautar tsakiyar shekara, ƙarfe tara daidai, kuma ta tsakar masana'anta ake bi da su. An share ko'ina, manaja ya sha sabuwar kwat.

Aka gama motsa jiki, manaja ya gama jawabi, ana jira a ce kowa ya kama aiki. Sai na fita daga layi. Na tafi har gaban Kurahashi inda yake tsaye da 'yan wasansa, na cire hular aiki. Wata a layin mata ta yi ƙara. Na miƙa masa ƙunshin da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu.

Na ce, "Koci, ka nemi gashin gidanmu, ga shi. Ya fi na Shigeya yawa."

Fuskarsa ta yi ja kamar naman kifi. Ya ce, "Mene ne wannan? Koma layi."

Na ce, "Sai da takarda."

Ya ce, "Ai ba aski kaɗai na ce ba."

Na ce, "Na sani. Goshi ne ba za ka samu ba, ba nasa ba, ba nawa ba. Ina nan tsaye."

Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Mutum ɗari uku, ga yayyafi yana sauka a kan ƙoƙon kaina, ina jin kowane ɗigo. Manaja ya matso yana murmushin dole, ya ce, "Fumie, mu shiga ofis mu yi magana." Na ce na gode, nan ma da iska. Ya dubi agogo, tara saura kwata. Ya dube ni, ya dubi ƙofar da motocin baƙi za su shigo. Ka yi tunanin abin da za su koma Tokyo suna faɗa, an aske mace an tsayar da ita cikin ruwa a tsakar kamfani. Sai ya juya ya raɗa wa Kurahashi magana. Ban ji me ya ce ba, amma na ga wuyan kocinka ya shige cikin kwala.

Da kansa ya je ya ɗauko. Ya ɗora takardar a bayan wani ɗan wasa, ya hura wa hatimi iska, ya juya shi kai ƙasa, ya buga. Ka san ma'anar hakan, wai a rubuce yake har abada cewa bai yarda ba. Na karɓa na ce, "Mun gode da ɗawainiya." Kaina kawai na ɗan kaɗa, irin wanda ake yi wa mai sayar da jarida.

Ban ko cire takalmin roba ba na hau jirgin ƙasa zuwa Tokyo. Ma'aikacin hukuma ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya kalli kaina, ya ce hatimi hatimi ne. A gabana suka buga wa hukumar can waya. Ka je ranar Litinin ka sa Manolis ya bincika, kada ka zauna jiran a kira ka.

Masaharu ya kwana biyu bai yi min magana ba. Yau da safe na tarar ya dafa shinkafa, ya ajiye min hular ulu a gefen kwano, ruwan hoda, mummuna ta ƙarshe. Ita zan sa gobe, don ina nan a ɗakin ƙanƙara, manaja ya ce za a "duba" maganata. Su duba. Maganar gidan ma na ji ana ƙus-ƙus. In sun ce mu tashi, za mu tashi, Shimizu ba ta ƙare a katangar kamfani ba.

Kada ka rubuto min kuka, kada ka rubuto min godiya, in ka yi zan ƙona. Kada kuma in ji ka taɓa kanka da aska wai don ka taya ni, ƙwal-kwabo ɗaya ya ishi gidan nan. Abin da nake so shi ne jarida. Duk ranar da sunanka ya fito, ko da rubutun Girkawa ne, yanko ka aiko. Akwai allon sanarwa a ƙofar ofishin Kurahashi, ni kuma liƙa takarda ce sana'ata.

Yayarka,
Fumie